Alkyabbar Gogan Rufi

Aibin Tela ɗaya ne, kuma in aka same shi ya ƙoshi yakan amsa shi da bakinsa: ba ya iya ganin kala a jikin mutum ya yi shiru. A layin asibiti ya taɓa gaya wa wani bawan Allah cewa hularsa da rigarsa ba sa ga-maciji da juna, alhali mutumin ciwon haƙori ne ya kawo shi. Shekara ashirin da shida yana kan keken ɗinki. Ya san ja iri bakwai, ya san shuɗin da ke zuba tun wankin farko. Gashin kansa ya yi sallama, gwiwarsa takan sanar da shi hadari kafin ya taso, amma ido, wannan kam yana nan daram, kuma a cewarsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Shi ya sa da aka dawo da Gogan Rufi, Tela ya ɗauki abin kamar an zage shi a gaban surukai.

Gogan Rufi katun ne da ake nunawa suna yara, duk Asabar da yamma. Ma'aikacin gidan waya ne mai raba wasiƙu, amma da ya ji an yi ɓarna sai ya jingine keke, ya yafa alkyabba, ya bi rufin gidaje da gudu. A falon gidan su Tela ake kallo, shi da abokansa biyu, zaune a ƙasa baki buɗe. Ɗaya yanzu shi ne Mai Kemis na ƙarshen layi, ɗayan kuma Direban motar makaranta. Bayan shekara talatin da ɗoriya sai ga kamfanin ya farfaɗo da jarumin, da sabon katun da littattafan zane masu sheƙi da ke fitowa duk wata. Kuma alkyabbarsa rawaya ce, rawaya shar kamar kwanduwar ƙwai.

Su ukun sukan haɗu a bencin ƙofar shagon Tela bayan Direba ya sauke yaran ƙarshe. Suna da guruf a waya mai suna Tsofaffin 'Yan Rufi, mambobi uku, Tela ne shugaba, kuma sau da yawa sukan tura wa juna saƙo suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

"Ni muryar ce ta kashe ni," in ji Direba. "Da in ya yi magana sai ka ji cikinka ya ɗuri ruwa. Wannan na yanzu kamar mai tallan man shafawa."

"Ka bar murya," in ji Mai Kemis. "Ka ga abin da suka yi wa Likita Tsatsa? Da mugu mugu ne kawai, ya fito ya yi muguntarsa a kama shi. Yanzu shafi goma ana nuna maka wai babarsa ba ta rungume shi ba yana ƙarami. To ni wa ya rungume ni? Na narkar da gadar garinmu?"

Tela yakan bari su gama, don ya san nasa ne babba. Sai ya cire allura daga bakinsa.

"Duk wannan wasa ne. Mutumin da aikinsa laɓewa a kan rufi, ka sa masa rawaya? Ɓarawo zai hango shi daga wata unguwa! Alkyabbar Goga ruwan toka ce. Toka mai duhu, ta ɗan yi haske a kafaɗa. Ina ganinta yanzu kamar jiya."

"Ruwan toka," in ji sauran biyun, kamar masu amsa addu'a.

Da maganar ta tsaya a benci da babu labari. Amma Tela yana da 'ya, Auta, shekararta goma sha biyu, kuma duk abin da tsofaffin nan ke zagi ita shi take so. Kullum in ta taso daga makaranta sai ta shige ƙarƙashin teburin yanka, ta jingina da buhun ƙyallaye, ta buɗe sabon littafi. Daga sama Tela ba ya ganin komai sai tafin ƙafarta, yana jin ana juya shafi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan sa'ar ita ce ya fi so a yini.

Ran Litinin ta fito daga ƙarƙashin teburin da littafi a buɗe.

"Baba, kantin littattafai na bakin titi za su yi taro ran Asabar. Kowa zai yi shigar jarumin da yake so, za a zaɓi wanda ya fi kyau. Na gaya wa 'yan ajinmu babana tela ne, kuma ya san Goga tun kafin a haife su."

Tela ya gyara zama. Ya ji kamar an ƙara masa tsawo.

"Kin faɗi gaskiya. Juyo in auna ki."

Ya zare tef daga wuyansa, ya auna kafaɗa, ya auna daga wuya zuwa ƙwauri, ya rubuta da alli a gefen tebur. Ta ajiye masa littafin, ta sa yatsa a kan hoton.

"Irin wannan rawayar, Baba."

"Ta ainihin zan yi miki."

"Wannan ce ta ainihin."

"Auta, ina kallon mutumin nan babarki ma ba ta iya ɗaura ɗankwali ba."

Ta ari wayarsa, ta lalubo wani tsohon kashi na katun ɗin da aka ɗora a intanet, mai dishi-dishi, ta miƙa masa. Ga Goga nan yana tsallake bututun hayaƙi, alkyabba rawaya tana tashi a bayansa. Tela ya sa tabarau, ya kalla, ya cire tabarau.

"Shafa masa suka yi da kwamfuta. Don kada a kama su."

"Duk kashi sittin ɗin?"

"Kamfani ne, Auta. Suna da ma'aikata."

Ran Laraba ya gama alkyabbar. Maganar gaskiya, ɗinki ya yi ɗinki. Yadi mai nauyi ruwan toka, an yi masa shafi ta ciki, wuyan a tsaye, kalmasa kamar an ja da rula, har da ɓoyayyen aljihu na wasiƙa. Mai Kemis da ya gani sai da ya cire hula. Direba ya ce a ba shi minti ɗaya, ya juya baya yana kallon titi.

Auta ta yafa, ta tsaya gaban dogon madubin shagon. Ta juya hagu, ta juya dama.

"Na gode, Baba. Ta yi kyau."

Ta cire, ta ninke ta gida huɗu, ta daidaita gefe da gefe, ta ajiye a kan tebur. Tela ya san 'yarsa. Yarinyar da ke jefa rigar makaranta a kan ƙofa ba ta ninke abin da take so.

Ran Alhamis ba ta zo shago ba. Ƙarƙashin tebur babu kowa sai buhun ƙyallaye. Ya yi ta ɗinki yana jin shagon ya yi masa faɗi, har ya haɗa hannun rigar wani a baibai ya farke. Da ya koma gida, maiɗakinsa tana guga, ba ta ko ɗago kai ba.

"'Yarka ta ce ba za ta je taron ba. Wai tana da aikin gida."

"To ai karatu ya fi."

"Baban Auta, yarinyar nan ce ta ce tana da aikin gida. Da bakinta. Ba wanda ya tambaye ta." Ta juya rigar da take gogewa. "Ta ce maka rana, ka ɗinka mata hadari. In mai kawo ɗinki ya ce kore yake so, kore kake yi masa ko tarihi kake ba shi?"

"Wannan maganar gaskiya ce, ba maganar ɗinki ba."

"To ka yafa gaskiyar ka je taron."

Ran Juma'a da safe Tela ya wuce mai yadin da ke layinsu, ya wuce na gaba, sai da ya kai wani kanti inda ba wanda ya san fuskarsa. Ya nuna rawayar da haɓa, bai iya kiran sunanta ba. Ya sa aka naɗe masa a baƙar leda, ya dawo ta bayan layi kamar mai ɗauke da kayan sata. A shago ya yanka da sauri, kuma duk sanda ya ji takun ƙafa sai ya rufa wandon wani a kai.

Yadi ya ɓoyu, amma ya manta da zaren da ke kan keke.

Mai Kemis ya leƙo da rana tsaka, Direba a bayansa. Idonsa ya sauka kan keken.

"Tela, wannan zaren fa?"

"Labulen wata mata ne."

Mai Kemis ya ɗaga wandon da yatsa biyu, kamar mai duba miki.

"Labule mai wuya a tsaye?"

"Matar tana da tsari."

"Haba Tela," in ji Direba. "Kai ne fa ka buɗe mana ido. Ni da farko ma ban lura da kalar ba, kai ka nuna mini. Yanzu kai ne za ka ɗinka musu tuta?"

"'Yata ce."

"Ni ma ina da 'ya'ya," in ji Mai Kemis. "Amma akwai abin da ba a sayarwa."

Suka fita. Ba su yi taku goma ba wayar Tela ta yi ƙara: an sauke shi daga shugabancin Tsofaffin 'Yan Rufi, da ƙuri'a biyu. Ya kifa wayar, ya taka keke.

Matsalar Tela ita ce hannunsa bai iya aikin banza ba, ko da zuciyarsa ta so. Ya yi niyyar ɗinki na a-kai-kasuwa, sai ya tsinci kansa yana yi mata shafi, yana gyara wuya sau biyu, yana sa ɓoyayyen aljihun. Da ya ɗaga ta ya girgiza, ta kama iska ta buɗe, hasken ƙofa ya ratsa ta. Ya duba bai ga kowa ba, ya sake girgizawa.

Da yamma ya ajiye ledar a kan littafin lissafin Auta. Ihun da ta yi, maƙwabciya sai da ta aiko a tambaya ko lafiya.

Ran Asabar kantin littattafai ya cika har bakin titi. Yara da alkyabbobi, samari da fuskokin kwali, da wani magidanci mai tumbi da ya shafe jikinsa da jan fenti wai shi Likita Tsatsa. Auta ta gayyato gwaggonta, wato Yayar Tela, malamar asibiti da ta yi ritaya, wadda ta girme shi da shekara takwas kuma har yau Guntu take kiransa. Tela ya tsaya can baya kusa da kantar ƙamus, hannu a ƙirji, da fuskar wanda aka zalunta. A nan ya yi karo da Mai Kemis da Direba.

"Ɓarnar muka zo gani," in ji Mai Kemis, yana tura littattafai biyu cikin aljihu. "Waɗannan kuma hujja ce."

Aka kira Auta. Ta hau ɗan dandamalin, ta yi juyi ɗaya, alkyabbar ta tashi ta cika wurin, ta zaro wasiƙa daga ɓoyayyen aljihu ta miƙa wa alƙalin gasar. Kanti ya ɗauki tafi. Mai jan fenti ne ya zo na ɗaya, don mutane sun tausaya wa fatarsa, Auta ta zo ta biyu. Ta sauko da gudu ta rungume babanta a gaban 'yan ajinsu, tana cewa, "Shi ne! Shi ya ɗinka!" Iyaye uku suka karɓi lambar wayarsa.

A waje, a inuwar rumfar kantin, Tela ya ga lokaci ya yi da zai gyara sunansa. Ya yi gyaran murya.

"Ku saurara, ku biyun nan. Na san gaskiya, kun san gaskiya. Na danne ta ne saboda 'yata, kuma ko gobe zan sake. Uba yakan haɗiye abin da ya fi wannan ɗaci. Amma kada wani ya ce Tela ya manta. Ga Yaya nan, ita ke kunna mana talabijin, ita ke korar mu in an gama. Yaya, don Allah gaya wa yarinyar nan, saboda tarihi. Alkyabbar Gogan Rufi wace kala ce?"

Direba ya gyaɗa kai. Mai Kemis ya sassauto, har ya dafa kafaɗar Tela. Auta ta ɗaga kai tana kallon gwaggonta.

Yaya tana laluben makullin mota a jaka, ba ta ko dube su ba.

"Ni ina zan sani, Guntu? Talabijin ɗinmu ai baƙi-da-fari ne. Baba bai sayi mai kala ba sai bayan an daina nuna shi."