Tsarabar Darakta

Ruwa ya iso magudanar Ɗorawar Ƙasa da hantsi, sa'a biyu kafin motocin baƙi. Kwana goma sha tara rabon da ko ɗigo ya biyo ta nan. Yau ga shi yana gudu har da kumfa, kamar bai taɓa yin yaji ba.

Datti ne sakataren ƙungiyar manoman rani ta ƙauyen, waɗanda gonakinsu ke can wutsiyar magudana. Duk ruwan da aka sako sai ya ratsa gonar wani ɗan kwangila da ke sama, wanda aka dasa wa ƙofar ƙarfe ta tare ruwa, kafin su samu ragowa. Tun da gwamnatin soja ta hana shigo da alkama ta ce kowa ya noma, ragowar ma ta ɗauke. Wasiƙa bakwai ya rubuta, wasu ya kai Kura a keke, wasu Kano. Abu ɗaya suke nema: a sa a doka cewa Litinin da Alhamis ruwa nasu ne. Sai a ta bakwai aka amsa, wai darakta zai zo ya gani da idonsa.

Alkamarsa ta fara fid da kai. In ba ta riƙa sha ba a makonni biyun nan, sai dai a koro mata shanu. Ya tsuguna ya tuge busasshiya cikin hannu guda, ya cusa a aljihun riga.

"Malam, don Allah ka yi magana yau," in ji matarsa Zuliha da ya biya ta gida. "Hatsin rumbu ba zai kai mu damina ba."

*

Shugaban ƙungiya, Baba Iliyasu, yayan mahaifin Datti ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya sa shi a makaranta. Jiya sun yi ja-in-ja a kan tsaraba.

"Baba, kada a ba shi komai. Ya ga halin da muke ciki."

"Baƙo ya zo garinmu ya koma hannu rabbana? Ba ina raye ba, Datti."

Tumatir ɗinsu kuwa duk ya ƙone. Saboda haka tsoho ya aika gonar sama, gonar mai tare musu ruwa, aka roƙo kwando biyu.

Darakta ya sauko daga mota riƙe da ɗan littafi. Ba shi da girman kai, har ya ƙi kujera ya zauna kan tabarma a gindin ɗorawa.

"Baba, yaya aikin bana?"

"Sai godiya, ranka ya daɗe," in ji Baba Iliyasu.

Datti ya miƙe ya karanta buƙatarsu. Darakta ya waiga ya dubi magudana cike taf.

"Amma ga ruwa ina gani."

"Yau aka sako shi, ranka ya daɗe. Saboda kai."

Injiniyan da ya rako shi ya yi 'yar dariya. "Yallaɓai, manomi ai ba ya ƙoshi da ruwa."

Darakta bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon Datti, sannan ya buɗe littafinsa ya ce, "To, tashi mu taka mu ga gonakin."

Datti ya yunƙura zai shige gaba. Tafiyar minti goma ce kacal, kuma ruwan safiya ɗaya ba ya rufe asirin alkamar da ta yi kwana goma sha tara da ƙishi.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji tsoho, "sai ka fara karɓar ɗan abin da muka tanada."

Aka dire kwandunan. Tumatir jajaye, manya, suna sheƙi. Darakta ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannu.

"Baba, wannan a nan kuka noma shi?"

Dattijo mai furfura zai ce a gaban jama'a roƙo ya yi ya ba baƙo?

"A nan ne, ranka ya daɗe. Albarkacinku."

Hannun Datti na cikin aljihu, ya damƙe alkamar har tana sukar yatsunsa. In ya fito da ita, ya ƙaryata mutumin da ya rene shi a bainar gari. In ya bar ta, rumbunsa ne zai tashi wayam. Ya dubi tsohon, ya ga gumi na bin gemunsa, idanunsa a ƙasa. Ya buɗe baki. Tausayi da kunya suka sa ya rufe, ya bar alkamar a aljihu.

Darakta ya dubi agogo, ya rufe littafin.

"Ashe lamarin da sauƙi. Ba sai mun wahalar da Baba da tafiya ba."

Aka sa kwandunan a bayan mota.

*

Kafin la'asar magudana ta koma taɓo. Datti ya tsaya a bakinta har ya ga sawun kaji a tsakiya, sannan ya nufi gida.

Zuliha na tsaye a tsakar gida da taɓarya a hannu. Ba ta tambaye shi ba, fuskarsa kawai ta duba. Ya zaro alkamar daga aljihu, duk ta murƙushe, ya ajiye a kan turmi. Akuyarsu ta matso ta shinshina, ta fara ci.