Wanda Ke Sama a Jerin

Kwana uku Rana Shabbir bai yi wa 'yarsa Nimra magana ba, tun ranar da ta raba kwamfutar gidansu a birnin Multan gida biyu, ta sa manhajar Linux a gefen Windows ɗinsa. Waƙoƙinsa na Urdu suna nan lafiya lau. Abin da ya ƙona masa rai, da an kunna sai jerin zaɓi ya bayyana, nata ya fito a sama, nasa a ƙasa. A kwana na huɗu ya kasa haƙuri, ya tare ta.

"Yaushe ƙarami ya fara zama sama da babba a gidan nan?"

"Abbu, jeri ne fa kawai."

"Ai a kan jerin nake magana!"

Ta gyara. Ranar Juma'a maƙwabcinsu Butt Sahib ya shigo shan shayi, ya ishe su da labarin ɗansa na Dubai da ya aiko masa kwamfuta har biyu. Rana Shabbir ya ajiye kofi, ya kunna tasu, ya nuna layukan da yatsa.

"Ɗanka saye ya yi, Butt Sahib. 'Yata kuwa guda ɗaya ta tarar, ta mayar da ita biyu. Kuma duba wanda ta sa a sama."