Abin da Yaya Ya Faɗa wa Kwamiti

Har aka buɗe ƙofar zauren ban san a madadin wa na zo ba. A ƙirjina akwai ɗan ƙyallen nan ruwan hoda na ƙungiyarmu ta masu sankarar mama, hannuwana kuma suna riƙe da keken marasa lafiya da Yaya ke zaune a kai.

Kwamitin lafiya ne zai zauna ya tsayar da cututtukan da za a riƙa tura wa masu su ma'aikatan jinya har gida. Ƙungiyarmu ta yi shekaru tana safa da marwa kafin a ba ta damar magana, kuma ni aka zaɓa, don an cire mini mama ɗaya na warke, ga shi bakina ba ya nauyi. Kamfanoni suna son hotona. Na iya cewa "mun yi yaƙi mun ci nasara" har da murmushin da ya dace.

Shi kuwa Yaya, ciwonsa ba wanda ya taɓa cin nasara a kansa balle a ɗauke shi hoto. Likitoci suna kiransa ALS. Jijiyoyin motsi ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, hankali kuma yana nan garau yana kallo. Malamin makaranta ne da ake jin muryarsa daga bakin titi. Yanzu harshensa ya yi nauyi, matarsa ma sai ta kira ni a waya in saurara in gaya mata ko ruwa yake so ko juyi. Ni kaɗai na rage mai gane maganarsa.

Shi ya roƙe ni in ba shi lokacina. Masu irin ciwonsa ba su da ƙungiya, ba sa daɗewa har su kafa ta. Ya ce yana so ya faɗa da bakinsa tun bakin yana motsi.

Shugabar ƙungiyarmu ta tare ni a baranda. Ita ma mama ɗaya gare ta, kuma ta raka gawar matan da ba ta iya ƙirgawa.

"Ƙanwata, me kike shirin yi haka?" ta ce, murya ƙasa ƙasa. "Wallahi ina tausayin yayanki. Amma in kika raba lokacin nan, gobe za a ce masu sankara sun ƙoshi, har suna kyauta da rabonsu."

"Anti, shi fa ba shi da kowa."

"Matan da ke kwance a gida suna wari, su wa suke da shi?"

Gaskiya ta faɗa. Yaya ma gaskiyarsa gare shi. Na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji haushin wanda ya ƙirƙiro a jera marasa lafiya a ce su yi takara.

Da aka kira ƙungiyarmu, sai kawai na ga na tura keken gaba. Na sauke makirufo daidai bakinsa. Wata ma'aikaciya ta matso da sauri ta maƙala masa ƙyalle ruwan hoda a riga, a zatonta cikin mazan da sankarar ke kamawa yake. Ba shi da hannun cirewa.

Ya fara magana, ina maimaitawa.

"Ya ce shi ba zai warke ba, kada a yi masa tafi."

Hannuwan da suka ɗaga suka koma cinya.

"Ya ce matarsa ce ke ɗaga shi ita kaɗai, bayanta ya fara ciwo. Ya ce majina tana shaƙe shi, kuma ba wanda ya koya musu yadda ake zuƙe ta."

Shugaban kwamiti ya ajiye wayarsa. Fitilar da ke auna lokacin magana ta koma ruwan ɗorawa, alamar ya kusa ƙarewa. Yaya ya tattara numfashi, ya dube su, ya faɗi wata magana doguwa wadda daga ganin idonsa ita ce ya zo dominta.

Ban gane ba.

Na sunkuya na ce, "Yaya, sake faɗa." Ya sake. Na ji sautin, na ji ɗumin numfashinsa a kunnena, amma ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Wannan bai taɓa faruwa tsakaninmu ba.

Anti ta raɗa daga bayana, "Ki ce ya gode. Ki ce yana da kyakkyawan fata."

Kalmomin suna kan harshena, na saba da su. Ba wanda zai san na ƙara. Sai shi.

"Ranka ya daɗe," na ce wa shugaban, "ban san abin da ya ce ba. Ni ce nake gane shi, yau kuma ban gane ba."

Fitila ta yi ja. Shugaban ya ce za su duba, aka kira na gaba.

A gangaren fita keken ya so ya ƙwace mini, sai ga hannun Anti a kan ɗaya mariƙin. Muka sauko da shi tare, ba mai kallon wata.

"Tsakani da Allah," ta ce, "me ya ce?"

"Ban sani ba, Anti."

Har muka kai bakin mota Yaya yana maimaitawa, a hankali, yana kallona.