Makullin Ɗakin Kan Dutse

Na'urar ƙungiyarmu tana kan dutsen Lepoh, a wani ɗakin bulo da bai fi makewayi girma ba. Aikinta ɗaya ne. Ka yi magana a oba-obarka daga wannan kwari, ta karɓa ta cilla zuwa wancan. Idan ta mutu, mu goma sha bakwai masu lasin rediyo kowa sai ya yi ta magana shi kaɗai.

Na dawo daga Jamus bayan shekara goma sha ɗaya na tarar tana mutuwa sau uku a mako, babu mai tambaya. Na canza batura, na kafa sola, na ɗaure eriya. Ta daina mutuwa sai jefi-jefi. Amma ranar da za ta yi shiru, daga fitowar rana ne har faɗuwarta, washegari kuma ta tashi garau.

Injin da ya lalace ba ya gyara kansa. Na san akwai hannun mutum.

Makullin ɗakin biyu ne. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Baba Tsafack, tsohon ma'aikacin waya da ke zaune a gindin dutsen. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da nasa. Na tambaye shi.

"Ruwan sama ne, Bajamushe," in ji shi.

"Ranar Laraba ba a yi ruwa ba, Baba."

"To hazo ne. Kai da ka yi karatu ai kai za ka faɗa mini."

A taronmu na wata-wata, a barandar Madam Nguimdo, ungozomar da ke mana sakatariya, shugabanmu Fasto Dongmeza ya ɗauko maganar. Baba Tsafack bai zo ba.

"An ce mini mutanen unguwarsa ba sa sauka gari cajin waya," in ji Fasto. "A ina suke yi?"

"Wa ya ce maka?" in ji Madam.

"An dai ce."

"Ni abin da na sani," in ji ta, "ranar Alhamis mace ta kusa mutuwa a hannuna a Fonakeu, na kira mota na kira, dutse ya yi gum. Ko caji yake yi ko soya ƙwai, ba ruwana. A karɓe makullin."

Baba Tsafack dattijo ne a cocin Fasto, a sahun gaba yake zama. Duk da haka Fasto bai kare shi ba. Aka tsayar cewa zan bincika in kawo rahoto a taro na gaba. Idan hannunsa ne, a karɓe makulli, a cire sunansa daga ƙungiya.

Na buɗe littafin da nake rubuta mutuwar na'urar. Talata. Mako na gaba Laraba. Na gaba Alhamis, sannan Juma'a. Kowane mako sai ranar ta matsa da ɗaya. Na ce a raina tsohon nan wayo gare shi, yana sauya rana don kada a gane. Bisa lissafi, Asabar ce ta gaba.

Ranar Asabar na bar babur a kasuwa na hau da ƙafa, ta bayan gidansa. Damina ce, lokacin cirar ciyawa, amma gonakin masara da wake duk babu kowa. Ko ƙarar fartanya ban ji ba. Wata tsohuwa na zaune a ƙofar gida tana ɓare gyaɗa. Ta dubi takalmana, ta dubi jakar kayan aikina.

"Ɗan wa ne kai?"

Na faɗi sunan mahaifina.

"Shi ne kake hawa dutse da ƙarfe a jaka yau? Uwarka ba ta koya maka ƙirgen kwana ba?"

Nan na tsaya. Makon garinmu kwana takwas ne, kuma a cikinsu akwai ranar hani, wadda ba a taɓa ƙasa da ƙarfe, ba a aiki a kan dutse. Ina yaro na san wannan kamar sunana. Shekara goma sha ɗaya ina ƙirga bakwai, har na dubi takwas a littafina na kira shi wayon ɓarawo.

Ban koma ba. Na ƙarasa.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Baba Tsafack na zaune a kan dutse yana cin goro. Na shiga na duba. Batura cike, babu wayar kowa a jone, babu alamar an taɓa jona wata. Maɓallin wuta kawai aka kashe.

"Ka gama ƙirga baturan?" in ji shi.

"Tun yaushe kake kashe ta?"

"Tun ranar da aka kafa ta. Da can tana mutuwa da kanta, ba wanda ya lura. Kai ka zo ka gyara ta, ka tona ni."

Ya ce lokacin da suka nemi filin, shi da marigayi Teikeu wanda ya kafa ƙungiyar, dattawan sarki sun ba su da sharaɗi ɗaya: ranar hani ƙarfen ba zai yi magana a kan dutsen ba. Babu takarda. Teikeu ya mutu, yanzu shi da dattawan kaɗai suka san maganar.

"In aka kunna fa?"

"Kafin ranar ta sake zagayowa za ka tarar da eriyarka a ƙasa, an naɗe maka waya da kyau."

"Me ya hana ka faɗa wa ƙungiya?"

Ya tofar da goro. "Ka taɓa jin wa'azin Fasto a kan ranar hani? A'a, ku ba ku zuwa coci. Bara ya sauke mutum biyu daga dattijantaka saboda sun ƙi zuwa gona ranar. In ya ji ni nake hawowa da ƙafata in kashe, a bayan coci zan zauna da yara."

"Yanzu ɓarawo suke ce maka."

"Na ji."

"Matar Fonakeu fa?"

"Ta rayu," in ji shi. "Na tambaya."

A taro na gaba an cika, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Baba Tsafack ya zauna a ƙarshen benci, makullin a hannunsa. Na tashi.

"Ba caji yake yi ba. Na hau ban sanar ba, na duba. Laifin kayan da na kawo ne. Baturan suna bukatar hutun yini ɗaya bayan kwana bakwai na aiki, in ba haka ba su kumbura. Ni na manta ban faɗa muku ba. Zan liƙa jadawalin ranakun. A ranakun zan tsaya a mararrabar Fonakeu da babban rediyo, daga can ana jin kwari biyun. Madam, ki kira ni kai tsaye."

Na ga leɓen Madam yana motsi, tana ƙirge.

"Bayan bakwai," in ji Fasto. "Wato duk kwana takwas."

"Haka ne."

"Batirin Turawa ya san makon garinmu ke nan."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

"Haka aka ƙera shi, Fasto."

"Kai ka ce masa ya riƙa kashewa?"

"Ni ne."

"To me ya sa ya ce ruwan sama ne?"

"Rufa mini asiri yake yi."

Fasto ya daɗe yana kallona, sannan ya kalli Baba Tsafack, wanda ke kallon ƙasa. Ya ce a ɗaga hannu. Goma sha ɗaya suka ce makulli ya zauna inda yake. Madam ta ɗaga nata a ƙarshe, tana hararata. Fasto bai ɗaga ba. Ya ce a rubuta cewa za a nemo wani injiniya daga Duwala ya duba baturan, tunda ga alama karatun Jamus bai isa ba. Aka rubuta.

Da aka watse Baba Tsafack ya same ni wajen babur. Bai yi godiya ba.

"Bajamushe."

"Baba."

"Me kake nema a wurina?"

"Ba komai."

"Ko filina na bakin hanya kake so?"

"Ba na son filinka."

Ya sa makullin a aljihu, ya danna shi da tafin hannu. "Ka yi tunani dai," in ji shi. "In ka tuna abin da kake so, ka faɗa mini a gaban mutane."