Littafin da Baba Tabarau Ya Ba Guduma

Naushi na biyu ne ya fitar wa mai walda haƙori. Haƙorin ya faɗa cikin kwanon baƙin mai, jini ya biyo shi, amma Guduma bai tsaya ba sai da makanikai huɗu suka rirriƙe shi.

"Ka sake faɗa! Don uwarka ka sake faɗa!"

Abin da mai waldan ya faɗa kuwa gaskiya ne, shi ya sa ya yi zafi. Lokacin hutun rana ya leƙa ramin gyaran mota ya tarar da Guduma, ƙaton da ke ɗaga giyabos ɗin mota shi kaɗai, zaune da wani tsohon littafi, hawaye har gemu. Ya kira duk garejin suka zo kallo.

Guduma ya fizge jikinsa, ya cusa littafin a aljihu, ya nufi gida yana huci. Ya san wanda ya jawo masa.

Maƙwabcinsa ne, Baba Tabarau, wanda ya yi shekara talatin yana ɗinke littattafai a maɗaba'a kafin ya ajiye aiki. Tsohon nan ba ya ganin mutum ya ƙyale shi. Ka zo aron ashana, ka fita da labari mai shafi ɗari uku. Shi ya liƙa wa Guduma wannan, na wani mai kwale-kwale da ya yi shekara ashirin yana jiran ƙaninsa a bakin kogi. "Tsoho ne, amma irinsu ba sa tsufa," in ji shi.

Guduma ya tarar da tsohon tsaye a saman matakalar ƙofarsa, allura da zare a hannu. Ya dubi idon Guduma ta saman tabarau, sai ya washe baki.

"Ka kai wurin da ƙanin ya dawo bai gane shi ba ke nan! Ɗana, ni sau shida nake kuka a wurin. Tsaya, ina da wanda ya fi shi."

"Ni za ka mayar abin dariya? Da gemuna?"

"Gemu ya hana ido ruwa ne? Ai babba shi ya fi cancanta da kukan, shi ya san abin da aka rasa."

Guduma ya maka masa littafin a ƙirji, sannan ya bi da tafin hannu. A nasa ganin turawa ce kawai. Amma tsohon ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya tafi da baya, ƙugunsa ya daki bakin matakala, wani abu ya yi ƙas kamar an karya busasshen icce. Ba kowa a layin, sai akuya.

Guduma ne ya ciccibe shi zuwa asibiti, tsohon yana nishi a kafaɗarsa. Da 'yar Baba Tabarau ta iso daga wurin aikinta, ta ɗaga rigar uban ta ga shatin da ya yi baƙi a ƙirji.

"Baba, wannan fa?"

"Santsi ne ya kwashe ni. Ki gode wa maƙwabci, shi ya kawo ni."

Ta gode masa har da rusunawa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Kwana huɗu Guduma yana zuwa yana tsayawa a bakin gado kamar an dasa shi. Ƙashin bai haɗu ba, zazzaɓi ya shiga, ƙirji ya cika. Rana ta huɗu da hantsi 'yar ta fita sayen magani, sai tsohon ya yafito shi.

"Kada ka gaya mata. Na yafe, magana ta ƙare."

"Baba, ni na kashe ka."

"Kai dai ka cika son girma. Shekara saba'in da tara ba su yi komai ba, sai kai?" Ya yi tari mai tsawo. "Ka ƙarasa littafin?"

"A'a."

"To wannan kam ban yafe ba."

Kafin azahar tsohon ya cika.

A wurin binnewa Guduma ya karɓi shebur ya yi aikin mutum uku. Mutane suna cewa maƙwabci na gari ke nan, shi kuwa idonsa ƙamas. Abin ya ci masa rai ƙwarai: ya yi wa mutumin cikin littafi kuka har ya zubar da haƙorin wani, ga wanda ya ture da hannunsa, ko ɗigo.

Bayan sati guda ya ga ƙofar tsohon a buɗe. 'Yar tana ciki tana zuba littattafai a kwali, ɗakin sai warin gam da tsohuwar takarda. Ya cire takalmi ya shiga.

"Ba santsi ba ne," ya ce. "Ni na ture shi."

Ta miƙe a hankali. Marin farko ya juya masa fuska. Ta rarumi katakon da uban ke danne littafi da shi ta sauke masa a kafaɗa, a wuya, a baki, tana faɗin, "Na gode maka! Har ƙasa na rusuna na gode maka!" Leɓensa ya fashe. Bai ɗaga hannu ya kare ba, bai ja da baya ba, har katakon ya suɓuce mata ta zube a ƙasa tana haki.



Can ta jawo kwalin da ya cika. Murfinsa ya ƙi rufuwa, igiya kuma tana zamewa. Ba ta dube shi ba ta ce, "Danne nan."

Ya durƙusa ya danne da hannu biyu. Tana zagaya igiyar, abin da ke sauka daga fuskarsa yana ɗiga a kan kwalin, wani ja, wani ba ja ba. Ta matsar da ƙullin gefe kaɗan don kada ya jiƙe.