Sunan da Aisa Ta Ƙi Faɗa

Shekara goma sha huɗu na yi ina riƙe da injin rubutu a kotu a Magarya. Ni ne garfiye, wato magatakardan da ke ɗaukar maganar shaidu, kuma ni ne tafinta in alƙali ba ya jin Hausa. Sunana Mainassara. Ba yabon kai ba, ban taɓa ƙara wa shaida ko kalma ɗaya ba, ban kuma taɓa rage masa ba. Abin da bakinka ya faɗa shi zai hau takarda, in karanta maka, ka dangwala yatsa. Da wannan nake taƙama, kuma wannan ɗin ne ya kusa raba wani bawan Allah da gonar ubansa.

A shekarar 1975 aka yi abin, fari ya wuce, mutane suna ta komowa ƙauyuka. Wani makiyayi mai noma a Yekuwa, Lado, ya rasu ya bar gona mai kyau da mata ɗaya, Aisa, da 'yarsu mace. Ana cikin zaman makoki sai ga Hammadu daga tsallaken iyaka, saurayi dogo mai kusan shekara talatin, ya ce shi ne ɗan farin mamacin. A gidan kakarsa Dada aka haife shi, da aka yaye shi kuma aka bar mata shi, kamar yadda mutanensu ke yi da ɗan fari. Dada ta rasu, takardar haihuwa babu, tsofaffin da suka san zancen kuwa yunwa ta watsa su.

Ƙanen Lado, Barau, ya ce shi bai san wannan magana ba. In babu ɗa namiji, kusan rabin gonar nasa ne, kuma ya riga ya kai taki. Ya ce yaron wani ɗan riƙo ne na Dada.

Alƙalinmu sabon zuwa ne, matashi daga can yamma, ya yi karatu a waje, yana da gaskiya amma ba shi da haƙuri. Da aka kawo Aisa gabansa, 'yar tsohuwa siririya ta ja mayafi har goshi, sai ya yanke hanya.

“Tambaye ta, wannan ɗanta ne?”

Tun kafin in gama fassarawa na san abin da zai biyo baya. Aisa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta.

“Yaron Dada ne,” in ji ta.

“Ke kika haife shi?”

Sai da aka maimaita sannan ta ce, “Dada ce ta san shi.”

Yatsuna suka buga abin da ta faɗa, harafi bayan harafi. Barau ya gyara zama yana shafa gemu. Hammadu kuwa ƙasa kawai yake kallo.

Na matsa kusa da alƙali, wanda muke kira Mushe, wato malam a bakin Faransawa, na ce da faransanci, “Mushe, a nan mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ma nuna nata ne a gaban mutane. Kunya ce.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Kai shaida ne ko magatakarda? Abin da ta faɗa shi zan bi. Karanta mata ta sa hannu.”

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na karanta mata. Ta miƙo babban yatsanta, na ga hawaye ya ɗiga a kan tabarma. Ta san sarai abin da take shirin yi wa ɗanta, amma bakin ya ƙi buɗuwa. Na buɗe gwangwanin tawadar dangwale, na duba, na rufe.

“Mushe, tawada ta bushe. Sai gobe.”

Ba ta bushe ba. Wannan ita ce ƙarya ɗaya da na yi a aikin gwamnati, kuma har yau ban yi nadama ba.

Washegari tun da hantsi kotu ta cika. Mutanen Yekuwa sun zo a amalanke biyu don su ga yadda za a ƙare. Kafin a fara na roƙi alƙali abu ɗaya. Na ce tunda shaidar ba ta sa hannu ba, takardar ba ta rufu ba, kuma jiya mun manta ba mu sa ta nuna waɗanda ta sani a cikin ɗakin ba. Irin wannan tsari yana burge shi, sai ya ɗaga hannu alamar in yi sauri.

Na jera mazan Yekuwa su tara a jikin bango, na sa Hammadu a ƙarshe.

“Inna, zan nuna miki mutane. Wanda kika sani, ki faɗi sunansa.”

Ashe tsohuwar nan tana da baki. Na farko ta faɗi sunansa har da na uwarsa. Na biyu ta ƙara da cewa awakinsa sun cinye mata wake bara. Da muka zo kan Barau ta harare shi, domin ƙanen miji abokin wasa ne.

“Wannan ai Barau ne. Ni na yi masa wanki har ya yi aure.”

Ɗakin ya kwashe da dariya, har shi Barau ya yi yaƙe. Mutum takwas ta faɗa ba gargada, inji yana ta ƙara. Sai na nuna Hammadu.

Nan take ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya masa baya.

Na buga: shaida ta ambaci mutum takwas, a kan na tara ta rufe fuska ta yi shiru. Iyakar dabarata ke nan. Ina so alƙali ya ga shirun da idonsa, ko zai tambayi dalili. Bai tambaya ba, ransa ne ya ɓaci.

Ya buga tebur. “Ta san kowa amma ba ta san wannan ba? Raina kotu take yi. Gaya mata ta faɗi sunansa yanzu, in ba haka ba a gidan kaso za ta kwana.”

Na fassara daidai yadda ya faɗa, ban sassauta ko kaɗan ba. Mai gadi ya tako wajenta. Mata a baya suka fara salati, maza suka shiga gunaguni. Aisa ta durƙushe. Ban ankara ba sai na ga mutum ya yi wuf ya fito daga layi, ya shiga tsakaninta da mai gadi. Barau ne.

“Haba, ranka ya daɗe! Wannan ba ya yiwuwa. A gaban maza za a sa matar yayana ta kira sunan ɗan farinta? Mu ba haka aka haife mu ba!”

Kotu ta yi tsit, ba ka jin komai sai injina. Na gama bugawa, na ja layi, sannan na juya na fassara wa alƙali kalma bayan kalma. Ina cikin yi na ga fuskar Barau tana sauyawa. Ya buɗe baki, ya dubi injin, ya dubi mutanen ƙauyensu, ya rufe.

“Malam Barau, zan karanta maka abin da ka faɗa. In akwai inda na ƙara, ka tsayar da ni.”

Na karanta. Bai tsayar da ni ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya miƙo yatsa da kansa. Tawada ta kama sosai a ranar.

Alƙali ya cire tabarau ya goge, ya yanke cewa Hammadu ɗan Lado ne, a raba gado a kan haka. Da zai tashi ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Tawadarka ta warke da wuri.” Na ce sanyin safiya ne, Mushe.

Da na fito shan iska na tarar ana ɗaura wa shanu amalanke. Aisa tana tsaye da ƙunshin kayanta, Hammadu yana nesa kaɗan, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Na tsaya in ga ko za ta ce masa wani abu, bayan duk wannan. Ba ta ko dube shi ba. Gefe ta kalla, wajen wata bishiyar dogon yaro, ta miƙa ƙunshin ta baya.

“Kai wannan, riƙe. Sai ka tsaya kamar baƙo?”

Ya karɓa da hannu biyu, ya rungume ƙunshin a ƙirji, ƙato da shi yana kuka a bakin titi. Ita kuwa ta hau amalanke ta matsa can gefe, ta bar masa wuri kusa da ita.