Watan da Ba Su Kira Shi Ba

Ina shanya labulen falo a bayan gida Dogo ya shigo ba sallama. Dogo shi ne babban ma'aikacin maigidana a kamfaninsa na wanki da guga, tun yana saurayi har furfura ta fara fito masa, kuma bai taɓa wuce bakin ƙofa ba sai an ce ya shigo. Da na gan shi tsaye kusa da igiya yana murza hannuwa, na san ba lafiya ba. Ya ce Baba, wato maigidana, ya yanke jiki ya faɗi a kan bencin mai shagon lemo, wanda ke kallon ƙofar kamfani. Sun kai shi asibiti, ko gado ba a kai ga ba shi ba rai ya yi halinsa. Abin da nake tunawa, na ci gaba da matse labulen nan har ya daina ɗiga, ban daina ba sai da Dogo ya zare shi daga hannuna.

Da baho biyu da dutsen guga maigidana ya fara. A hankali ya kai ga injuna, da mota, da wata ƙatuwar tukunyar tururi da ke ba injunan ruwan zafi. Zannuwan gado da tawul na otal-otal da asibitoci yake wankewa. Ma'aikata suna kiransa Baba Tururi, wai don tukunyar, amma kowa ya san har da saurin hawansa da saurin saukarsa. Komai na wurin nan sai ya bi ta hannunsa. Ko sabulu ne ya ƙare, shi za a kira. Muna cin abinci waya, muna gidan suna waya, har na taɓa ce masa ranar da zai mutu ma sai ya ce wa mala'ika ya jira ya amsa.

Sai likita ya ce zuciyarsa ta gaji, zafin nan da tsayuwar nan sun ishe shi. A daidai lokacin ne maganar sayen kamfanin ta taso. Yadda Auta, 'yarmu, ta fahimtar da ni, akwai wasu masu jari da ba sa wanki ba sa guga, sai dai su sayi kamfani su kiwata shi kamar rago, in ya yi ƙiba su sayar. Sun riga sun sayi wani babban kamfanin wanki, yanzu suna neman ƙarami da za su liƙa masa. Ƙananan da suke dubawa uku ne, ɗaya za su ɗauka. Wanda aka bari kuwa ya shiga uku, don otal-otal za su bi babba ne, ma'aikatansa su watse. Maigidana ya san haka. Ba kansa yake ji ba, mutanensa yake ji, akwai waɗanda shi ya yi musu aure.

Wadda masu jarin suka turo ta duba mu wata 'yar siririya ce, ma'aikata suka sa mata Mai Tabarau. Yarinyar ba ta da girman kai. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin injuna, ta tambayi shekarun kowanne, ta bi kwata ta ga inda ruwan dauɗa yake zuba, ta je otal-otal ta ji ko suna jin daɗin aikin. Ta ce ɗaya daga cikin sauran biyun ya fi mu sababbin injuna, amma mun fi shi riƙe abokan ciniki.

Ranar da ta yi masa tambayar ina nan, na kai masa abincin rana ofis.

"Baba, in ka kwanta ciwo, wa otal za su kira?"

"Ni."

"In tukunya ta tsaya fa?"

"Ni dai, 'yar nan. Ko a kan gadon asibiti nake."

Da alfahari ya faɗa, har da kallona. Ita kuwa sai ta cire tabarau ta goge. Ta ce abin da take tsoro ke nan. Mutanenta kamfani suke son saya, ba mutum ba, kuma wurin da ke tsaye a kan ƙafa ɗaya, ranar da ƙafar ta yi targaɗe shi ke nan. Ta ce hanya ɗaya ce za ta iya kare mu a gaban manyanta: ya zauna a gida wata guda, kada ya leƙo, kada ya kira, kada a kira shi. In aiki ya tafi daidai, mu za a ɗauka.

Ya tara ma'aikata ya gaya musu da bakinsa. Ya ce duk wanda ya kira shi ya zubar da abincin kowa. Amma da muka dawo gida ya yi dariya ya ce mini ba za su kai ƙarshen mako ba, Dogo ko kalar zanen asibiti da na otal sai ya rikita.

Ya jawo kujera bakin tagar falo, ya ɗora wayar a kan dakalin taga, wai nan ta fi kamawa. Ni kuwa murna nake, na samu miji a gida. Ya goge mini duk kayan da ke cikin akwati, har waɗanda suka yi mini kaɗan. Ya gyara famfon da ba abin da ya same shi. Amma duk inda ya je a cikin gidan, kunnensa na taga.

Na ce, "Baban Auta, wayar nan ba ƙwai ba ce, ba za ta ƙyanƙyashe ba."

"Wa ya ce miki jira nake? Iska nake sha."

Can da yamma sai ya ce in ɗan kira lambarsa mu gani, kamar layin ya lalace. Na kira, ta yi ƙara tangararan. Ya dube ta ya ce to madalla. Daga mako na biyu ya daina zancen Dogo zai rikice. Daga na uku ya daina zancen kamfani gaba ɗaya.

Wata ya cika, Mai Tabarau ta zo har gida da fara'arta. Ta ce, "Baba, albishirinka. Ko zane ɗaya bai makara ba. Kamar ma ba ka taɓa tafiya ba." Ya ce alhamdu lillahi, ya sa mata albarka, ya raka ta har mota. Mu aka ɗauka. Ba a kori kowa ba, Dogo ya zama manaja. Maigidana kuma aka ba shi sunan mai ba da shawara, sai dai ba wanda ya taɓa neman shawarar. Sau ɗaya ya je, sabon maigadi ya tare shi ya ce ina katinsa na shiga. Bai yi faɗa ba, mutumin da ake ji daga bakin titi. Ya tsallaka ya zauna a bencin mai lemo, daga ranar nan can ya zama wurin zamansa. Ya rage ci, ya rage magana. Ni na ɗauka hutu ne yake ratsa shi, har ina gaya wa ƙanwata ai malam ya zama salihi.

Bayan an share makoki Dogo ya dawo gaishe ni. Don in faranta masa na ce sun yi ƙoƙari, sun nuna wa duniya sun iya ko babu Baba. Sai ya naɗe hannun riga ya nuna mini tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwa.

Ya ce, "Mama, wane iyawa? Kwana kaɗan da fara zamansa a gida tukunya ta mutu."

Ya ce makanikai sun yi ta zuwa suna komawa kafin a samu wanda ya gano kanta. A duro suka riƙa dafa ruwa a bayan kamfani suna wanki da hannu, mata suka kwaso duwatsun guga na gidajensu, wasu ba su ga 'ya'yansu a farke ba har sati. Matar da ke kula da ɗakuna a babban otal kullum sai ta tambayi ina Baba, ba ta yarda da kowa sai shi, suna ce mata ya yi tafiya. Ya ce ba ya iya ƙirga sau nawa ya danna lambar Baba ya goge.

Na ce to bayan an gama ciniki, me ya hana ku gaya masa?

"Kin san halinsa, Mama. Da ya ji, da ƙafarsa zai je ya gaya wa Mai Tabarau a fasa. Kuma da wane ido za mu ce masa duk shekarun da ya yi yana koya mana ba mu iya ba? Mu in muka hango shi a benci, cewa muke Baba na kallonmu yana jin daɗi."

Su sun rufe bakinsu don ƙaunarsa, shi ya rufe nasa don kada ya rage musu murna, titi ɗaya ne kawai a tsakaninsu. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ma ban karanta ba. Mai Tabarau ta zo gaisuwa ta yi kuka sosai, ban gaya mata ba, aikinta ta yi kuma ta yi shi da gaskiya. Likita ya ce zuciyar dama ta kusa, ko an kira ko ba a kira ba. Wataƙila haka ne, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da an gaya masa, da ya tafi yana sane cewa an neme shi.

Auta ta ce in ba ta wayar babanta ta ba ɗanta, na ce a'a. Kullum da safe in na share falo nakan sa ta caji, in ta cika in goge fuskarta da gefen zane, in ɗora ta a dakalin taga, wurin da ya ce ta fi kamawa.